Mutum a Cikin Ruwa, Babu Lema

Junín, 3 ga Yuni

Ƙanena Anselmo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Noemí da yara, ya sanyin Temperley? Noemí ta gaya mini abin da ya faru ranar Talata, mutumin da ya faɗa gaban jirgin ƙasan da kake tuƙawa. Allah ya ji ƙansa. Tunda ka ƙi ɗaukar waya, ga takarda, ita ba a kashe ta.

Na ji ranar Juma'a za ka je gwajin likitar ƙwaƙwalwa kafin su mayar da kai tuƙi. Ka dai san abin. Za ta miƙo maka farar takarda da fensir, ta ce zana mutum a cikin ruwan sama. Ka ba shi lema. Ka ja layi a ƙarƙashin ƙafarsa, kada ka bar shi yana reto a iska. Ruwan kaɗan, ban da walƙiya. Ko mai sayar da jarida a bakin tasha ya san wannan. Shekara biyu ta rage ka yi ritaya, kada ka yi mini wauta.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya a kan jirgin ƙasa, mutum huɗu ya taka, bai taɓa fashin aiki ba ko na yini guda. Jininsa ne a jikinka.

Ka gaida mutan gida.
Yayarka, Griselda

Temperley, 9 ga Yuni

Yaya Griselda,

Ina gaisuwa, kuma na gode da darasin zane. Na je. Ban zana lemar ba.

Kin manta wannan ne mutum na uku da na taka. A na farko sati na yi ina amai, amma na zana lema, aka buga mini hatimi cewa lafiyata ƙalau. A na biyu kwana biyu kawai na ƙi abinci. Na ranar Talata kuwa, ina jiran 'yan sanda na buɗe jakata na cinye burodi da naman da Noemí ta haɗa mini, har ina jin haushin gishiri ya yi kaɗan. Mutum yana ƙarƙashin jirgi, Yaya. Abokan aiki suka dafa kafaɗata suna cewa, "Yauwa tsoho, sai yanzu ka zama direba." Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma kaina nake tsoro.

Ranar Lahadi Noemí ta same ni a tsakar gida na juya wa kowa baya, shayin mate ya huce a hannuna. Ta ce, "Zaman babanku ke nan sak."

Shi ya sa na zana mutum tsaye, hannu a sake, ruwa yana zuba masa. Likitar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam Anselmo, ba ka manta da komai ba?" Na ce mata sau biyu ina tunawa, ga inda ya kai ni.

Ki huta lafiya.
Anselmo

Junín, 14 ga Yuni

Anselmo,

Gaisuwar a taƙaice, don raina a ɓace yake. Sannu mai gaskiya! Wa ya ce maka takardar kamfani wurin faɗin gaskiya ce? Duk mai hankali yana da likitansa da yake miƙewa a doguwar kujerarsa ya yi kukansa ranar Laraba. Nawa shekara sha huɗu muna tare, har sunan kyanwata ya sani. Can za ka kai ruwanka, ka jiƙe son ranka. A wurin aiki kuwa lema ake zanawa, kowa haka yake yi, kuma kowa lafiya lau yake.

Noemí ta ce ƙungiyarku ta direbobi ta roƙa maka a sake gwajin ranar ashirin da huɗu. In ka sake faɗuwa za su sauke ka daga jirgi ke nan har abada, su zaunar da kai a tagar tikiti, fansho ya ragu. Ka zauna ka gwada hannunka. Lema ba ta fi layi huɗu ba.

Griselda

Temperley, 17 ga Yuni

Yayata,

Ina fata kina lafiya, ke da kyanwar. Na san abin da zan rasa, kuma yana mini ciwo, don ina son jirgin nan. Amma ba zan sake hawa da fasinja dubu a bayana ba alhali na san wani abu ya mutu a cikina. Na fara ganin likita, tawa ta kaina. A zuwa na biyu na yi kuka kamar yaro, har na ji kunya. Da na koma gida na rungume Noemí, ta tambaye ni ko na sha wani abu.

A ganinki Baba lafiyarsa ƙalau, yana da hatimi huɗu. To ke ce babba, kin fi ni sani. Ki tuno mini rana ɗaya tak da ya yi dariya, ko ya ɗauke mu, bayan mutum na huɗu. In kin samo, na yi miki alkawari zan zana lemar, har da ado.

Ƙanenki, Anselmo

Junín, 21 ga Yuni

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Kwana uku ina nema, ban samo ba.

Abin da na tuno daban ne, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina 'yar shekara tara, ana jibi gwajinsa na huɗu, ya kira ni teburin kicin. Ya kasa riƙe fensir. Ni na ɗora hannuna a kan nasa muka yi ta zana lema har ya iya. Na yi shekara hamsin ina alfahari da wannan.

Zan zo ranar ashirin da huɗu in raka ka. Ka zana abin da ka ga dama.

Yayarka, Griselda