Tankin Ruwan Ummu Ƙusai

Malama Maisun, assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na ɗora miki wannan, na san akwai waɗanda damuwarsu ta fi tawa nauyi. Amma ki taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Bikin ɗana Yazan ya matso. Kin san mu a Karak, ba a raka ango sai an yi harbi sama, kuma yayana Abu Ƙusai har ya goge bindigarsa. Ni kuwa tun ina yarinya nake tsoron abin. Da na yi masa magana, dariya ya yi, wai, "Ke ƙanwata, ki ji da tukunyar shinkafar mansaf, ki bar wa maza sararin sama."

To akwai wani zauren mata a Fesbuk da ake iya rubutu ba suna, 'yata ce ta koya mini. Na yi bismilla na tambaya ko ni kaɗai ce gabana ke faɗuwa in an fara harbi. Wallahi Malama, ban san haka cikin mata yake ba. Marasa suna suka yi ta zubo labari, da mai tura 'ya'yanta ƙarƙashin gado, da wadda ta daina zuwa biki gaba ɗaya. Wata kuma ta wanke ni tas, wai in tsoro nake ji in ɗaura auren a asibiti. Masu suna kuwa, kusan dukansu cewa suka yi gadon kakanni ne.

Cikinsu har da Ummu Ƙusai, matar yayan nawa. Da sunanta ta rubuta, "Bikin da ba harbi ai zaman makoki ne." Can ƙasa kuma wata marar suna ta ce harsashi ya taɓa faɗowa ya huda tankin ruwansu na saman gida tana tsaye tana shanya, mijinta ya ce ta gaya wa mutane tsatsa ce. Malama, ni na riƙe wa Ummu Ƙusai bokiti ran da tankinta ya huje. Ce mini ta yi tsatsa ce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wacce ce ita a cikin biyun? A makaranta an koya mana kada a ɓoye shaida, an kuma hana mu bin diddigin asirin mutane. Maganar da ba ta da mai ita, shaida ce ko gulma? In na ce mata na gane ta, ƙila mu haɗu mu shawo kan Yaya. Ƙila kuma ta daina taka gidana. Mai buga katin gayyata yana jira in ce masa ko ya sa "ban da harbi". Don Allah ki amsa mini da wuri.

Uwar ango, Karak

Wa alaikumus salam uwar ango, Allah Ya sanya alheri.

Duka biyun ita ce. Mai suna matar Abu Ƙusai ce, tana kare mutuncin mijinta. Marar suna kuma mace ce da harsashi ya wuce ta gefen kanta. Ɓoye suna ne ya buɗe mata baki, shi ne kuma ya buɗe na mai zaginki. Ya yi miki rana, tunda kin gane ba ke kaɗai ba ce. Amma ba zai sauke bindiga daga kafaɗar kowa ba, wannan aikin mai fuska ne.

Kada ki ce mata kin gane ta. Ta yi magana ne bisa amanar ba za a san ta ba, kuma amana ce ko da ba ke aka damƙa wa ba.

Ki je gidan yayanki da kanki. In an zuba miki gahawa, ki ajiye kofin a gabanki kamar yadda maza ke yi in sun zo da buƙata, ki ce ba za ki sha ba sai ya yi miki alkawari. Ba wulaƙanci yake nufi ba, murnarsa yake so gari ya ji, don haka ki ba shi wani girman: shi zai shige gaba wurin ɗauko amarya. Ki yi wannan Ummu Ƙusai tana zaune, kuma kada ki dube ta. In ta sa baki, alhamdulillahi. In ta yi shiru, kin san dalili.

Kati kuwa, a buga shi da "ban da harbi" ko ya amsa ko bai amsa ba. Ɗanki ne.

Allah Ya kai mu ranar lafiya, Ya sa guɗa kaɗai za a ji.