Zaren Rigar Sallar Jikanki

Da sunan Allah nake farawa. Daga ɗiyarki Hafsatu a Boɗinga zuwa ga Inna, wadda ke kwance a maƙabartar Horo Birni. Gaisuwa da girmamawa da neman gafara. Bayan haka:

Inna, Sallar layya ta wuce da kwana uku. Matan da nake karantarwa sun ce ba su taɓa ganin an yi wa mamaci takarda ba. Na ce su zauna su ji.

Kin tuna yadda muke zo miki kowace Sallah? Mu fita ƙofar gari da hantsi, kaya bisa takarkari, ɗan nan nawa na fari bisa jaki. Kin gani, har a takarda hannuna ya ƙi rubuta sunansa. Ke kika koya mini wannan kunya: ba na kiransa, ba na ɗaukarsa gaban mutane, ko tuntuɓe ya yi sai in dubi wani wuri. Shi ya sa nake ɗokin zuwa gidanki. Abin da bakina ya kasa, naki ke faɗa. Tun daga zaure kike kwaɗa masa kira, ki ce maigidanki ya iso hannu rabbana, ko ƙashin rago bai kawo miki ba.

Shekarar da ya cika bakwai, ranar komawa, ya rungume turken saniyarki ya ƙi hawa jaki. Ya ce zai zauna wurin wadda ta san sunansa, matar Boɗinga ba ta sonsa. Ina tsaye da faifai a hannu, mutane cike da gida, ba halin in ce uffan. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ɗauka na rasa shi.

Na zaci za ki tsawata masa, ko ki ce a bar miki shi, kamar yadda kakanni kan yi. Ba ki yi ko ɗaya ba. Kika tuɓe masa rigar Sallah, kika juya cikinta, kika ɗora yatsansa kan saƙar. Kika ce ya shafa, zai ji inda zaren ya yi kauri, ya sirance, ya sake kauri.

"Maigida, wanga kaɗin ɗiyata na. Tun tana ƙarama haka hannunta ya ke, na buga na gaji. Ni ad da baki, ita ad da hannu."

Inna, ban faɗa wa kowa ba. Tun cirar auduga nake kaɗin zaren nan a ɓoye, na ba masaƙi ta hannun maƙwabciya, har Malam mijina ya ɗauka a kasuwa aka sayo. Ke kuwa kallo ɗaya kika yi wa rigar daga nesa kika gane. Aibin da kika yi shekaru kina yi mini faɗa a kansa, da shi kika mayar mini da ɗana.

Ya mayar da rigarsa ya hau jaki. A hanya, wajen Shagari, ya miƙo mini sauran gasasshen naman da kika ƙulle masa, yana kallon gabansa.

Shekaranjiya ya zo mini Sallah, da gemunsa, da matarsa, da ɗiyarsu ta fari. Matar ta ajiye jinjirar kan tabarma ta kau da kai, shi kuma ya tsaya yana duban danga kamar bai san ta ba. Sai na ga duk gidan ni ake jira. Na ɗauke ta, na juya bakin zanen goyonta na shafa saƙar kamar yadda kike yi. Sunanki aka sa mata, don haka na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, na kira ta Inna.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya ba ni rabin idonki.

Ɗiyarki mai kaɗi da gargada,
Hafsatu.