Masauki Mai Rufin Kwano

Adelaide,
watan Disamba.

Zuwa ga Yayana Carmelo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Dulcie da yara. Yaya aiki, yaya zafin Perth? Mu nan lafiya lau, sai dai abin da ka sani.

Na gwammace in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barina in kai aya. Takardun otal ɗin da ka aiko don tafiyar da zan yi da Baba arewacin ƙasar nan sun iso, har da ta gidan tsofaffin da ka cusa a ƙarƙashinsu kamar ba da gangan ba. Na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Tun da idon Baba ya rufe bai ƙara taka ƙofar waje ba, ya rame, sandar da asibiti suka ba shi kuma tana rataye bayan ƙofa, ya ce ko yanka shi za a yi ba zai riƙe ta ba. To, na karɓi sharaɗinka. Idan muka je arewa muka dawo bai ɗauki sandar nan ya yi tafiya da ƙafarsa ba, ba zan ƙara yi maka musu a kan gidan tsofaffi ba. Amma masauki ni ce mai zaɓa, kuma na riga na zaɓa.

Otal ɗinka ya haɗu, ban ƙi ba. Dogon bene, kowane ɗaki yana kallon teku. Sai dai, Yaya, wa zai kalli tekun? Ni da kunne na yi nawa zaɓen. Duk wanda na kira, sai in roƙe shi ya buɗe taga ya miƙa kan wayar waje. Yarinyar otal ɗinka cewa ta yi, "Ayya Madam, ai tagoginmu ba sa buɗuwa, akwai na'urar sanyi." A wani wurin kiɗa na ji da ihun masu ninkaya, a wani kuma motoci.

Daga nan na kira wani ƙaramin masauki a gindin duwatsun da ke bayan Innisfail, ba nisa da gonakin raken nan inda aka haifi Baba. Wata mata ta ɗauka, sunanta Noelene, ita ce mai wurin. "Wa? Ɗaga murya, 'yar nan, ba na jin ki! Taga? Wace taga kuma, ai ko a rufe ba ki tsira ba!" Ruwa ne ake zabgawa a kan kwano, kwaɗi suna amsawa. Da na gaya mata Baba ba ya gani, sai ta ce, "To sai me? Da damina ni ma ba na ganin dutsen, gajimare ya cinye shi. Kawo shi." Ɗakin a ƙasa yake, babu matakala, hanyar katako ce daga ƙofarsa har ɗakin girki.

Na san za ka ce ba wanda ke zuwa arewa da damina, kowa sai Yuni ko Yuli, lokacin raninsu. Masu ido ke nan. Ka manta yadda Baba yake leƙawa idan ana ruwa a nan garin, ya taɓe baki ya ce, "Wannan ruwa ne ko fitsarin kyanwa?" Ruwan garinsu zan kai shi ya ji, kuma ina da tabbacin zai tashe shi.

Da na faɗa masa maganar tafiyar, abin da ya ce kawai shi ne, "Ku kai ni inda kuka ga dama, duhun duk ɗaya ne." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, amma bai ce ba zai je ba.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Rosaria

Masaukin Noelene,
watan Janairu.

Yayana Carmelo,

Ina gaisuwa, da fatan kun yi Kirsimeti lafiya. Yaya jikin Anti Dulcie, ciwon bayan ya yi sauƙi? Mun sauka lafiya.

Gara ka ji daga bakina: ruwa ya ɗauke. Tun da muka zo ko ɗigo bai sauka ba. Sama fes, zafi kuwa har rigar mutum sai ta manne masa. Noelene ta ce, "Ku mutanen kudu kun ɗauko farinku kun kawo mana." Baba yana kwance ƙarƙashin fanka daga safe har yamma, ya ce tanda na kawo shi. Sandar na ɓoye ta a ƙasan akwatina, ban ma yi gigin ambatonta ba.

Ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci gabana yana faɗuwa. Amma ka tsaya tukuna kafin ka ce ai ka faɗa.

Na farko dai, yana cin abinci. Noelene tana turo masa mangwaro da gwanda, yana kushewa yana cinyewa. Ita ba ta lallashinsa kamar mu. Jiya ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Alfio, ka tashi mana, katifata za ta yi rami." Ya ce, "Macen nan, bakinki ya fi na kwaɗinki." Ta ce, "Su ma ai sun fi ka motsi." Yaya, dariya ya yi. Rabon da in ji dariyar Baba har na manta.

Na biyu kuma ni ce na sha faɗa. Na ɗauki ɗabi'ar zama gefen gadonsa ina ba shi labarin abin da nake gani, ga koren aku, ga shuɗin malam-buɗe-littafi, ga kaza ga kaza. Ɗazu ya daka mini tsawa: "Rosaria, ki yi shiru haka nan! Surutunki ya hana ni jin komai." Na kama bakina. Can sai wani tsuntsu ya yi kuka a bayan ɗaki, yana yi yana ƙara ɗaga murya. Baba ya tashi zaune, ya ce tsuntsun hadari ne, tun yana yaro idan masu yankan rake suka ji shi sai su fara tattara kaya. Noelene ta ce tsuntsun nan maƙaryaci ne, tun watan jiya yake wannan alkawarin. Baba ya ce ita ce dai ba ta iya saurare ba.

Saboda haka ban sauya ra'ayi ba, masaukin nan shi ne daidai. Kada ka sa hannu a kowace takarda sai mun dawo.

Taka,
Rosaria

Masaukin Noelene,
watan Janairu.

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Jiya da la'asar ina ɗakin girki muna feraye kabewa da Noelene, sai iska ta juya, ƙanshin ƙasa ya taso. Kafin mu ajiye wuƙa ruwa ya ɓarke. Yaya, abin da na ji a waya wasa ne. Ko muryar kaina ba na ji. Na zaga ta baya a guje don in rufe wa Baba taga, na tarar gado babu kowa, akwatina a buɗe, kayana a watse a ƙasa, sanda ba ta nan. Rafin da ke bayan gidan kawai na tuna.

Na fito ina ƙwala masa kira, sai Noelene ta damƙe hannuna ta nuna mini da haɓa. Ga shi can a tsakiyar fili a kan hanyar katako, shi kaɗai, yana buga sanda dama da hagu. Rigarsa sharkaf, fuska a sama, baki a buɗe. Na ruga zan kama shi, ya fizge.

"Sake ni! Ke dai tsaya ki ji." Ya ɗaga sandar yana nunawa. "Ga ɗakin girki can, kwanonsa ya tsufa. Ga ayaba nan hannun dama. Wancan mai amon tankin ruwa ne, bai cika ba. Bayansa kuma daji ne har sama. Ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba, ko ɗaya bai kuskure ba. Ya ce kowane abu da irin ƙarar da ruwa ke yi a kansa, tun da idonsa ya rufe sai jiya ya san inda yake tsaye. Na tsaya nan ina ta kuka, Allah ya taimake ni ruwa ya rufa mini asiri. Noelene ta yi masa ihu daga baranda, "Shigo, tsohon banza, kafin mura ta kama ka a ce laifina ne!" Ya ce, "Zo ki shigar da ni in kin isa!" Sai da ya ga dama ya juya, ya bi katakon nan da sandarsa har ɗakin girki, ya nemi shayi.

Na tambaye shi yadda aka yi ya san inda sandar take. Ya ce tun a filin jirgi yake jin ta tana ƙwanƙwasa akwati, wai makaho ne shi ba kurma ba. Yau da safe ya sake fita, babu ruwa babu komai, ya je har gindin mangwaro ya dawo.

Takardar gidan tsofaffin nan ka mayar musu da abarsu, ka yi musu godiya. Na kuma gaya wa Baba duk yadda muka yi da kai, don ba na son ɓoye-ɓoye. Ya ce in rubuta maka saƙonsa yadda ya faɗa, ga shi:

"Ki ce wa Carmelo, tun da yana da lokacin nema mini gida, ya ɗauko gudumarsa ya zo Adelaide ya buga mini kwano a barandar baya. Ko fitsarin kyanwar ne, ina so in ji saukarsa."

Sai ka zo. Ka gaida Anti Dulcie da yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rosaria