Fada Ya Ce Zunuban da Na Kawo Ba Nawa Ba Ne

Malama, ki taimake ni da shawara, don abin ya kai mini iya wuya kuma lokaci yana ƙurewa. Ni 'yar Katolika ce tun daga zanen goyo. Shekarata sittin da uku, sana'ata ɗinki, kuma yau shekara ashirin da shida ni ke wanke kayan bagadi, wato teburin da Fada ke yin Misa a kai, a cocinmu. Ba yabon kai ba, amma babu wadda ta iya cire kakin kyandir daga farin zane da takarda da dutsen guga kamar ni. Na san ƙananan ƙyallayen da ake goge ƙoƙon Misa da su ba a haɗa su da sauran wanki, kuma ruwan ɗaurayarsu na farko a gindin shuka ake zubar da shi, ba a kwata ba. Ki tambayi matan yanzu ko sun san wannan. Misar safe ba ta wuce ni, kuma littattafan rayuwar tsarkaka da na karanta sun cika kanta guda a shagona.

Ranar Asabar ta farkon kowane wata nake zuwa furta zunubi. Tsohon Fadanmu, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai sanin darajar manya. Zai saurare ni har in gama, ya ce in yi "A gaishe ki Maryamu" sau uku, ya yi mini addu'ar gafara, shi ke nan. To, an kawo mana wani sabo, ɗana na biyu ma ya girme shi. Rigarsa ta Misa sai da na rage mata tsawo don kada ya taka ya faɗi.

Mako shida da suka wuce na shiga wurinsa na durƙusa, na fara kamar yadda na saba. Na ce na yi fushi saboda maigidana yana gyangyaɗi in muna jan rosari, carbinmu na addu'a. Na ce raina ya ɓaci da shugabar mawaƙa, wadda ke ɗaga murya don a san tana nan, ba don Allah ba. Na ce katikis ɗinmu, mai taimaka wa Fada da koyarwa, ba ya shirya karatu, yana tuntuɓe a kan sunayen annabawa kamar mai tafiya a duhu. Na kawo kuma maganar matar ƙanena, wadda zan gaya miki labarinta. Ya bar ni har na kai aya, sannan ya ce, "Mama, na ji zunuban mutum huɗu, kuma babu ko ɗayansu a nan. Ki je ki nemo naki, ina nan ina jiranki." Ya sa mini albarka kawai, bai yi mini addu'ar gafara ba. Ni, da tun kafin a yaye shi nake guge zanen bagadi!

Tun ranar ban koma ba, kuma ban karɓi Jibi Mai Tsarki ba, gurasar da ake bin layi a karɓa a hannun Fada lokacin Misa, don ni ba na karɓa sai na yi furcin wata. A benci na biyu nake zama, saboda haka kowa yana ganina in mutane sun tashi ni ina zaune. Har an fara tambayata ko lafiya. Ga shi saura mako biyu jikata ta yi karɓar Jibinta na farko. Ni na koya mata addu'o'i, ni na ɗinka farar rigarta, kuma ta ce a bayana za ta bi layi. Dangi duka za su zo. In ban tashi ba ranar, me ya bambanta ni da matar ƙanena?

Ita wannan, Ta-Ƙofa nake ce mata, don a bencin ƙarshe kusa da ƙofa take zama. Mai shara ce a asibiti. Shekara goma sha tara tana tare da ƙanena, direban babbar mota, 'ya'yansu huɗu, amma ba a ɗaura musu aure a coci ba, don haka ba ta karɓar Jibi. In kowa ya tashi sai ta durƙusa ta sunkuyar da kai, wai ita mai tawali'u. Ko jerin sakramenti bakwai ba na jin za ta iya kawowa daidai, amma kullum tana riga kowa zuwa. Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo ta tare a ɗakinta wata takwas, tana wanke ta tana juya ta, duk don a ce ta yi. Bayan rasuwar ma ita ta zazzage akwatin tsohuwar, ta shanya kayan, ta ninke, ta mayar, ta kawo mini har gida kamar an aike ta.

Kada ki ce ni na hana su aure. Gaskiya ne a shekararsu ta biyu sun je wurin Fada, aka ce ƙanena ya kawo katin baftismarsa, ya zo ya tambaye ni don ni na san inda takardun gidanmu suke, na ce ya ɓata. Alhali yana cikin akwatin nan na tsohuwar, a cikin wani tsohon littafin addu'a. Na yi haka ne don in ga kamun ludayinta tukuna, domin auren coci ba a warware shi, kuma ni ce babba. Shi kuma da ya ji sai ya yi tafiyar kwana biyu zuwa inda aka yi masa baftisma kafin ya samo wani, ya ce sai ya samu sarari. Har yau bai samu ba. Wannan ai sakacinsu ne.

Tambayata ita ce, in rubuta wa bishop, shugaban su Fada, in kai ƙarar yaron nan, ko in tafi wata coci in furta wurin Fadan da ya san ya kamata? Na bincika zuciyata kamar yadda ya ce, ban ga komai ba sai ɗan fushi.

Mai wankin bagadi

*

Mama, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da inda kike da gaskiya. Shekara ashirin da shida kina hidimar da ba a tafa wa mai yinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na kuma yarda maganar Fada ta yi zafi, wataƙila da ya tausasa ta ga mai shekarunki. Ƙanenki ma yana da nasa kason, kuma babba ne. Namijin da ke ratsa ƙasa da mota kowane mako amma ya kasa tafiyar kwana biyu cikin shekara goma sha bakwai don matarsa ta karɓi Jibi, uzuri yake nema, ke kuma kika miƙa masa.

Amma batun bishop, ki ajiye alƙalaminki. Me za ki rubuta? Cewa kin je furta zunubi ba ki furta ko ɗaya ba? Ni ma 'yar Katolika ce, kuma abin da aka koya mana tun muna yara shi ne, Fada yana yin addu'ar gafara a kan laifin da mai laifi ya kawo yana nadama. Ke kin kai masa rahoton unguwa ne. Zuwa wata coci kuma ba a hana ki ba, sai dai in kin sami wanda zai sallame ki da addu'a uku, kunnen mutum kika sauya, Wanda ake furta wa bai sauya ba.

Kin ce kin bincika ba ki ga komai ba. Laifi tudu ne, Mama. Ni ban sha wahalar nema ba, da hannunki kika rubuto shi. An tambaye ki kati, kika yi ƙarya. Saboda ƙaryar nan wata baiwar Allah ta yi shekaru tana durƙushe a bakin ƙofa, ke kina benci na biyu kina yi mata suna. Mako shida kawai kika zauna mutane suna wucewa, har kin rasa sukuni kin rubuto wa jarida. Ki lissafa nata. Kin san inda ake zubar da ruwan ɗaurayar ƙyalle, amma ba ki san inda kika zubar da matar ƙanenki ba. Littattafan da ke kantarki ba don a yi wa wasu jarrabawa aka rubuta su ba. Wanda yake girma a bangaskiya, jerin laifin mutane a bakinsa raguwa yake yi, nasa kuma yana ƙara fitowa fili.

Ga abin yi, kuma mako biyu sun isa. Ki ciro katin yau. Kada ki aika, kada ki ce kin tsince shi wajen shara. Ki je gidansu da ƙafarki lokacin da ƙanenki yake gari, ki zaunar da su biyun, ki faɗi abin da kika yi da shekarar da kika yi shi, ba tare da "amma" ba. Ki gaya wa ƙanenki uzurinsa ya ƙare, ya kama hannun matarsa su je ofishin Fada. Sannan ki koma ɗakin furci da zunubi guda ɗaya, naki na kanki. Ba zai ɗauke ki minti biyu ba, kuma ina kyautata zaton yaron da kike rainawa zai karɓe ki hannu biyu. Daga nan ki bi layi da jikarki da zuciya sakayau.

Abu na ƙarshe, ki shirya wa wannan. Matar da ta zazzage akwatin, ta shanya, ta ninke, ta mayar da komai, da wuya a ce ba ta buɗe littafin addu'ar ba. Ina zaton ta ga katin, ta mayar da shi wurinsa, ta ɗauko akwatin ta kawo miki har gida, ta ci gaba da gaishe ki da Yaya. Idan haka ne, akwai wadda ta riga Fada jiran ki.

Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya raya jikarki cikin alheri, ya kuma nuna mana ranar da ku biyun za ku tashi tare.