Buzun Malam

Minna, Maris 1986

Zuwa ga ƙanwata Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya jikin Inna? Ki gaishe ta, ki gaida mutanen gida baki ɗaya.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar yaron nan nawa. Tun rasuwar mahaifiyarsa ke da Inna kuke riƙe da shi, Allah ya saka muku da alheri. Amma ga shi gemu ya fara fito masa, kuma babu abin da ya canja. Makaranta ta gagara. Ba ya kallon mutum a ido, in an yi masa magana sai ya maimaita ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da Jibril maƙwabcinmu ya gaya mini da ya biyo ta nan. Wai har yanzu kullum la'asar yaron yana kai buta zaure, ya shimfiɗa wa Malam buzunsa, alhali mahaifinmu ya daɗe a kabari. Wai har yaran unguwa suna taruwa suna leƙe.

Mamman, abokin aikina a tashar jirgi, ya ba ni labarin wani mai magani a wani ƙauye kusa da nan. Ana kai masa irin waɗannan, su zauna a wajensa har su warke. Na riga na aika an yi magana. Zan ɗauki hutu wata mai zuwa in zo in tafi da shi, don haka ki shirya masa kayansa. Inna kuwa, yadda gigin tsufa ya kama ta, ba na jin za ta lura.

Wassalam. Naki yayanki,
Ɗahiru

Ƙofar Kuyambana, Zariya, Maris 1986

Yaya Ɗahiru,

Amin wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lafiya, Inna da sauƙi. Ina gaida matarka da yara.

Haba Yaya! Ko a takarda ba ka iya rubuta sunansa? Na san kunyar ɗan fari ce, a wajen Inna ka gado ta, ita da har ka yi furfura ba ta taɓa kiran sunanka ba. To ni ba ɗan farina ba ne. Sunansa Yari, kuma wallahi da na karanta “ba na jin za ta lura” sai da na ajiye takardar na sha ruwa.

Jibril ya ga buzu daga waje, bai shigo ciki ya ga sauran ba. Bari in gaya maka.

Kullum in rana ta karkata, sai Inna ta fara duba ƙofa. “Malam ya shigo?” Da farko gaskiya na gaya mata. Yaya, sai ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka kamar yanzu aka fita da gawarsa. Gobe ta manta, ta sake tambaya, na sake kashe mata miji. Da na ga haka sai na koma ƙarya, in ce ya je masallaci, ya je gaisuwa Tudun Jukun. Ka san Inna, hankalinta ya tafi amma wayonta yana nan. Ta dubi idona ta ce, “Ƙarya kike, 'yar nan.” Ta ture abinci, ta ɗauki mayafi wai za ta nemo shi. Sau ɗaya har bakin ganuwa aka tsinto ta.

Yari kuwa bai taɓa daina aikin da kakansa ya ba shi tun yana ƙarami ba. In an kira la'asar zai cika buta, ya kai zaure, ya kakkaɓe buzu ya shimfiɗa, ya dawo ya durƙusa a gaban Inna. Ta ce, “Malam ya shigo?” Ya ce, “An kai ruwa, Inna. An shimfiɗa buzu.” Shi ke nan! Bai yi ƙarya ba, don ka san ko za a yanka shi ba ya iyawa, kuma bai tayar mata da hankali ba. Sai ta ce, “To, madalla,” ta jawo kwano. Ta tambaya sau goma, ya amsa sau goma da murya ɗaya, ko tsaki babu. Ni da nake da hankali, a na uku na fara cizon leɓe.

Daga nan sai ya jera mata 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, wane yana wuri kaza, wance tana wuri kaza. Ba wanda ya sa shi. Akwai abin da take faɗa in an zo kanka, amma ba zan rubuta ba. Ka zo ka zauna har la'asar ka ji da kunnenka.

Ba na ce maka ba shi da wahala ba. In aka matsar masa da kofinsa daga bakin taga, ranar gidan nan babu zaman lafiya. Ƙarar babur tana sa shi toshe kunne ya tsuguna. Jiya ya maimaita wa mai kayan koli zagin da na yi masa a bayan ido, da muryata sak kamar rakoda, har na rasa inda zan sa fuskata. Amma wannan ba iska ba ce, Yaya, haka Allah ya yi shi. Don girman Allah ka bar mana shi.

Taka ƙanwarka,
Sailuba

Minna, Afrilu 1986

Sailuba,

Sallama da gaisuwa. Na ga amsarki, na kuma ji faɗan.

Ke kina duba yau, ni ina duba gobe. Inna ta tsufa. Ke ma mijinki zai gama kwas ya dawo ki koma ɗakinki. Ni kaina ciwon ƙirjin nan ya sake tashi, likita ya hana ni gishiri. In muka kau, wa zai riƙe shi? Wa zai ba shi aiki, wa zai ba shi mata? Wannan tunani yana hana ni sukuni, Sailuba. Ina son in bar ɗan da zai iya tsayawa da ƙafarsa, ba wanda yara za su bi da jifa ba. In akwai magani ban nema masa ba, da wane ido zan dubi mahaifiyarsa gobe kiyama?

Batun Inna, ba wani abu ba ne mai wuya. Ke ki kai butar, ki shimfiɗa buzun, ki faɗa mata abin da yake faɗa.

Ina tafe ranar Asabar da safe, zan juya a ranar don hutun kaɗan suka ba ni. Zai ɗan kwana biyu a gidana kafin in kai shi.

Yayanki,
Ɗahiru

Ƙofar Kuyambana, Afrilu 1986

Yaya,

Sallama. Na ba Bala direba wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu, don ba zan iya jiran gidan waya ba.

Ka zo, Inna ta gaishe ka kamar baƙo, na ga yadda ranka ya sosu. Na roƙe ka ka jira la'asar, ka ce mota ba ta jira. To ga abin da ya biyo baya.

Na yi yadda ka ce. Na cika buta, na shimfiɗa buzu, na durƙusa na faɗi kalmomin nan daidai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Yaushe mace ta fara shiga zauren Malam? Ina yaron?” Na ce ya yi tafiya. Ta ce, “To Malam fa?” Sai hawaye suka zubo mini. Da ta ga ina kuka sai ta gane, aka koma gidan jiya, aka yi sabon makoki.

Tun ranar ba ta ci abin kirki ba. Kunu ma sai na yi da gaske take kurɓa kaɗan. Na kira ɗan Jibril ya gwada, ya amsa sau biyu ya fara dariya, ta jefe shi da mafici. Yanzu ta daina tambaya gaba ɗaya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta juya fuska bango, ni ma ta fara ce mini baiwar Allah.

Ka ce ba za ta lura ba. Ni ma ban san girman abin da yaron nan yake ɗauke da shi ba sai da na ɗauka ya fi ƙarfina.

Kofinsa yana nan a bakin taga, a gaggauce ka manta. In ya ƙi shan ruwa, dalilin ke nan, kada ka daka masa tsawa. Kuma kada a tilasta masa kallon ido, yana jin ka sarai ko yana duban ƙasa. Yaya, in ba ka riga ka kai shi ba, ka dubi Allah.

Sailuba

Minna, Afrilu 1986

Ƙanwata Sailuba,

Assalamu alaikum. Bala ya kawo takardarki, ya same ni ina shirin rubuta miki tawa. Kwantar da hankalinki, ban kai shi ba.

Na je ƙauyen ni kaɗai don in ga wurin. Na tarar da samari zaune a gindin bishiya da marin ƙarfe a ƙafa, wani yana ta kiran uwarsa. Na tambaya, aka ce sai da haka magani yake kama jiki. Na juyo gida, amma ban fasa ba tukuna. Ina ce wa kaina ciwo ai sai da haƙuri.

Da na iso gida ana kiran la'asar. Kwanakin baya duk a ofis la'asar take samuna, matata ce kawai take cewa yaron yana surutu shi kaɗai. Ran nan na gani da idona. Ya ɗauki butata ya cika, ya kai bakin ƙofa. Babu buzu, sai ya shimfiɗa dardumata, ya gyara gefenta da tafin hannu. Ya dawo tsakar gida ya durƙusa a gaban wata kujera da ba kowa a kai.

Sailuba, sai na ji muryar Inna. Wallahi sai da na waiwaya. Daga bakinsa take fitowa, har da 'yar rawar nan da muryarta take yi yanzu. “Malam ya shigo?” Ya amsa da tasa muryar, “An kai ruwa, Inna. An shimfiɗa buzu.” Ya fara jera mu. Ya ce, “Ɗahiru yana Minna, yana gaishe ki.” Sai muryar Inna ta ce, “Ɗahiruna. Allah ya yi masa albarka. Ya ci abinci kuwa?”

Na zauna a ƙasa, da kayan tafiya a jikina. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin matar nan ba. “Kai” nake, ko “wancan”. Na yi zaton haka za mu rabu.

Na tambaye shi, “Haka take cewa?” Yana duban ƙasa ya ce, “Kullum.” Na ce, “Wa ya ce ka riƙa gaishe ta a madadina?” Ya ce, “Kana gaishe ta a takarda. Gwaggo ta karanta.” Wato gaisuwar da nake rubutawa a layi ɗaya in wuce, shi ya ɗauke ta yana kai wa uwata kowace rana. Fuskata ta ɓace mata, amma bai bari sunana ya ɓace ba.

Sannan ya ce, “Inna ba ta ci ba.” Na ce yaya ka sani? Ya ce, “Ban amsa ba.” Ya kama jijjiga jikinsa, na rasa yadda zan yi, sai na zauna kusa da shi ban taɓa shi ba har ya lafa.

Tsoron gobe bai bar ni ba, kada ki ɗauka ya bar ni. Za mu zauna ni da ke mu yi shawarar abin da zai iya koya, a gida, a hannun mai haƙuri. Amma na fasa neman wanda zai canja mini shi. Na gaya wa Mamman ya ba mai maganin haƙuri.

Gobe da asuba za mu shiga motar Bala, wannan takarda za ta riga mu da motar yamma. Ki ce wa Inna Yari yana tafe. Ga shi na rubuta sunansa, sai ki bar ni in huta. Wannan karon zan zauna har la'asar. Zan tsaya a zaure bayan ƙofa, kada ta gan ni ta ɗauka baƙo ne ta yi shiru.

Yayanki,
Ɗahiru

Ƙofar Kuyambana, Mayu 1986

Baba,

Salamu alaikum. Ni ne Yari. Gwaggo ce take rubutawa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara.

Inna ta ci tuwo. Ta sha fura. Ta zagi Gwaggo.

Kofina yana bakin taga.

Ran da ka yi kuka a zaure, ruwan Malam na ba ka ka wanke fuska. Ba laifi. Na sake cikawa.

Ka manta hularka a kan buzu. Ban matsar da ita ba. Kullum ina kakkaɓe ta.

Yau ma Inna ta ce Ɗahiruna. Ta ce ka ci abinci kuwa. Ban amsa ba, don ban sani ba.

Baba, ka rubuto ko ka ci. Gobe za ta tambaya.

Ɗanka,
Yari