Kwalbar da Na Ɗauka Zamzam Ce

Laraba da dare, unguwar Al Qusais.

Na dawo daga lodin kaya da ƙishirwa, na buɗe firij, na ga kwalabe uku a toshe tsaf. Na ɗauka zamzam ne maƙwabcinmu ya kawo daga Umra. Na fuskanci alƙibla, na yi bismilla, na shanye ɗaya, har da addu'ar neman lafiya.

Sai ga 'yata Hafsat ta shigo, ta dafe kai. "Baba, ruwan rijiyar bakin teku ne fa, na aikin jami'a. Gobe zan auna radon a ciki, kuma duka ukun ake buƙata."

Wai iska ce mai fitowa daga ƙasa, ba launi ba wari, in ta yi yawa tana taɓa huhu. Ni da na tsaya aji huɗu, yau na haɗiyi abin da ban iya rubutawa ba.

Na zauna ina shirya wasiyya. Ta ce, "Kai ba abin da zai same ka, Baba. Makina ne zai zube."

Khalas, shi ke nan. Bayan asuba zan kai ta rijiyar ta sake ɗiba. Ta ce in taho da ruwan shana.