Inda Nining Take Kwance

Cijambe, 9 ga Fabrairu, 2004

Zuwa ga matata Ikah, a Jidda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, Nyai. Yaya jikinki, yaya tsohuwar da kike jinya? Da fatan ta daina jifanki da filo. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Hotonki ya iso. Kin ce kin yi ƙiba, ni dai mayafin na ga ya yi ƙiba.

Maganar titin nan na Jakarta zuwa Bandung, wanda sai an biya ake hawa, ta tabbata. Masu awo sun kafa jajayen turaku, kuma layin ya ratsa tsakiyar lambunmu na gangare. Na san abin da ya faɗo miki a rai. An ce duk mai kabari a wurin ya mayar da nasa sabuwar maƙabarta kafin katafila ta shigo a farkon Afrilu.

Ki kwantar da hankalinki, ni zan ɗauke 'yarmu Nining da hannuna. Shukar hanjuang ɗin da kika dasa a kanta ranar da muka rufe ta yana nan da jan ganyensa. Duk Juma'a ina zuwa in share wurin, yadda na yi miki alkawari.

Ƙanen babanki, Mang Oding, ya tafi Bekasi wajen ɗansa, za a yi masa aikin ido. Na so a yi da shi tunda shi ya haƙa kabarin, amma ba za a jira shi ba.

Ki riƙa cin abinci, don Allah.

Mijinki,
Engkos


Cijambe, 28 ga Maris, 2004

Nyai,

Sallama da gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

An ɗauke ta ran Litinin da hantsi, ni da liman da maƙwabta biyu. Na haƙa har ramin ya kai mini ƙugu, ban tarar da komai ba sai jar ƙasa da saiwoyi. Na tsaya da haƙar. Liman ya dafa ni ya ce, "Engkos, jaririyar wata biyar, shekara takwas cikin ƙasar da ba ta bushewa, me kake jiran gani? Ɗebi ƙasar, ita ce ita." Na ɗebi tafi bakwai a sabon likkafani, na rungume har maƙabarta. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Na ciro hanjuang ɗin na dasa mata a can. Dutse mai sunanta ma, wanda kika daɗe kina yi mini mita a kansa, an sassaƙa an kafa. Sai ki nemi wani abin mitar.

Na sami aiki a titin, ina cikin masu zuba kankare.

Naki,
Engkos


Cijambe, 16 ga Janairu, 2005

Zuwa ga Ikah,

Assalamu alaikum. Allah ya sa wannan ta same ki lafiya. Wasiƙunki uku sun iso. Lafiyata ƙalau, rasa abin rubutawa na yi.

Mang Oding bai dawo ba sai bayan ƙaramar Sallah. Na kai shi maƙabarta ina ta rawar jiki in nuna masa dutsen. Shi kuwa hanjuang ɗin ya tsaya kallo.

Ya ce, "Wannan daga ina ka ciro shi?"

Na ce, "Daga kanta mana, gefen bishiyar kwakwa."

Ya sake duban ganyen. Sannan ya ce, "Wannan ai na kan iyakar gonata da taku ne, ni na dasa shi. Na yarinyar ya bushe tun shekarar da aka yi fari, bayan tafiyar Ikah. Kabarinta yana can gangare, taku goma sha biyu daga inda ka haƙa. Na ɗauka ka sani, ai kai ne ubanta."

Ikah, ƙarya na yi miki. Tun ranar da na raka ki tasha ban sake taka wurin ba. Da muna zuwa tare ina iyawa, amma ni kaɗai, da na hango gangaren sai in juya gida. Shekara uku ciyawa ta rufe komai. Ranar haƙar na ga jan ganye guda ɗaya, na nufe shi, mutane suka bi ni domin ni ne uba. Abin da na rungumo ina kuka ƙasar iyaka ce.

Na je wajen shugaban aikinmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire hularsa, ya buɗe taswira ya nuna mini da yatsa. An cike gangaren da ƙasa tsayin bene, an zuba kankare a kai. Ina cikin waɗanda suka zuba.

Tana ƙarƙashin hannun titin da ke zuwa Bandung, kaɗan bayan gadar rafinmu. Kullum idan an tashi aiki nakan zauna a wurin in karanta mata Yasin. Abokan aiki sun daina tsokanata, sukan kewaye ni su wuce. Zuciyata ba ta yi sanyi ba ko sau ɗaya.

Ban zo neman yafiya ba, ban san da wane baki zan nema ba. Abu ɗaya nake roƙo. A Afrilu za a buɗe titin, a ja shinge, ba a hawa da ƙafa, mota ma ba ta tsayawa. Ki roƙi mutanen gidan su sake ki kafin nan, ko na mako ɗaya ne. Ba sai kin yi mini magana ba, zan nuna miki wurin in matsa gefe. Bayan an buɗe, babu wanda zai ƙara tsayawa a kanta.

Mijinki, in har yanzu kin yarda,
Engkos